Yadda sabon ɗalibi zai kama ƙasa a jami'o'in Legas, ya kuma soma nazarin yanki tun daga ajin farko

Duk shekara idan aka saki sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, ba a rasa yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago a ciki, haka kuma waɗanda suka taso takanas daga Kano ko Sakkwato ko Yola. Wasu Jami'ar Legas da ke Akoka suke samu, wato UNILAG, wadda aka kafa a 1962. Wasu kuma Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wato LASU, ta 1983. A gida sai murna, amma makonnin farko su ne suke kayar da yaro. Na daɗe ina raka ƙannena irin waɗannan wajen rajista da neman ɗaki da zaɓen kwasa-kwasai, kuma abin da na gani shi ne ofisoshin taimako suna nan a buɗe, sai dai babu wanda zai biyo ka har gida ya ce zo ka karɓa. Kai za ka je ka ƙwanƙwasa, kuma da takardar da ta dace a hannunka.

Wannan bayani na ɗalibin da ya karkata ga fannin fasaha da zamantakewa ne, musamman mai son nazarin yanki, wato ya ɗauki wani ɓangare na duniya, kamar Afirka ta Yamma ko ƙasar Sin, ya karance shi ta fuskar tarihi da harshe da tattalin arziki da siyasa gaba ɗaya. Matakai biyar na farko kuwa kowa da kowa zai amfana da su. Da “kai” nake magana, amma ƙanwata, har da ke.

Abin da za ka tanada kafin ka taka harabar jami'a

Takardar gurbin karatu ta JAMB da sakamakon jarrabawarta, waɗanda ka buga daga shafin hukumar. Sakamakon WAEC ko NECO. Takardar haihuwa, ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu idan babu ta haihuwar. Takardar shaidar ƙaramar hukumarku ta asali. Lambar NIN da lambar BVN, da asusun banki mai sunanka, ba na babanka ko yayanka ba. Hotunan fasfo dozin guda, takardar shaidar kammala sakandare, da fayil na roba mai zif, don ruwan Legas ba ya sallama. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyar, ka kuma ɗauki hotonta da waya ka tura wa kanka ta imel.

Imel ɗin da lambar wayar da ka yi rajistar JAMB da su, ka tabbata naka ne kuma suna aiki. Yara da yawa mai shagon intanet ne ya buɗe musu imel, ya riƙe lambar sirrin, ranar da ake buƙata kuma an neme shi an rasa. Idan haka taka take, ka je ka karɓa tun yanzu ka canza.

Takardar ƙaramar hukuma ita ce ke ba haifaffun Legas wahala. Yaro an haife shi a Agege, kakansa ne ya zo fataucin goro, bai taɓa kwana bakwai a garinsu ba. Mafita ita ce a tura wa wani kawu ko baffa a gida hoton fasfo da bayananka ya karɓo a sakatariya, ko a fara tambaya a ofishin hulɗa na jiharku da ke nan Legas ko za su iya taimakawa. Kada wani ya ruɗe ka da cewa zai yanko maka takardar ɗan asalin Legas. Ana tantance masu wannan iƙirari, kuma takardar jabu tana iya cin gurbinka ko da ka kai ajin ƙarshe.

Mataki na 1: Karɓi gurbin, ka daidaita sunanka

Shiga shafin JAMB, ɓangaren da ake kira CAPS, ka danna amincewa da gurbin da aka ba ka. Ganin sunanka a jerin jami'a bai wadatar ba. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma ranar da za a tura ku bautar ƙasa sunanka ba zai fito ba. Bayan ka amince sai ka buga takardar.

Daga nan ka baje takardunka a tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi. Nan ne cutarmu take. A WAEC Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu. A wata takardar sunan mahaifi ne a gaba, a wata an ƙara sunan gari a ƙarshe, a wata kuma an cire shi. Jami'in tantancewa bai san cewa Abubakar da Habu da Garba mutum ɗaya ne ba, abin da ya gani a takarda shi zai bi. Ka zaɓi rubutun da ke kan JAMB da WAEC a matsayin tushe, tunda su ne mafi wuyar canzawa, ka gyara sauran su bi su. Gyaran NIN a wajen hukumar NIMC ake yi. Idan lokaci ya ƙure, ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa duk sunayen naka ne, ka riƙe ta ranar tantancewa, amma kada ka bar gyaran na asali ya kwana har shekara ta zagayo, domin bashin karatu da bautar ƙasa duk za su dawo da maganar.

Mataki na 2: Biyan kuɗi da tantancewa

Kuɗin amincewa da gurbi da kuɗin makaranta duk ta shafin jami'a ake fitar da takardar biyansu, da lambarka da sunanka a jiki. Da wannan takarda za ka biya a banki ko ta kati. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka tura masa kuɗin a asusunsa zai “taimaka” ya biya maka, ɓarawo ne, ko da ya yi maka Hausa, ko da ya ce shi ɗan garinku ne. Ka buga rasit sau biyu, ɗaya a fayil, ɗaya a gida.

Ranar tantancewa ka fita da asuba. Ka sa takardun asali a gefe guda, kwafi a gefe guda, ka miƙa kwafi kawai sai idan an nemi ganin na asali, kuma kada ka bar wurin sai an dawo maka da su. Bayan tantancewa ne ake ba da lambar ɗalibi, wadda za ta bi ka har ka gama. Sannan ka je asibitin jami'a ka yi rajista da gwajin lafiya. Yara suna raina wannan, sai zazzaɓi ya kwantar da mutum ana tsakiyar jarrabawa ya je ba shi da kati. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, ka tambaya a asibitin yadda yake aiki a jami'arku. Idan kana da sikila ko asma, ka faɗa tun ranar, a rubuta a fayil ɗinka. Wannan rubutun shi zai tsaya maka idan ciwo ya hana ka zama jarrabawa.

Mataki na 3: Wurin kwana da hanyar zuwa

A Akoka akwai ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma ɗan Arewa zai ji sunayen gida a cikinsu: El-Kanemi na maza, Sarauniya Amina da Makama Bida na mata, ga kuma su Jaja da Mariere da Moremi. Sai dai gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, ta intanet ake nema, kuma cikin ɗan lokaci suke ƙarewa. Ka gama biyan kuɗin makaranta da wuri, ka san ranar da za a buɗe shafin, ka zauna inda sabis yake da ƙarfi tun kafin lokacin. Sayen gado a hannun wani ɗalibi laifi ne a dokar makaranta, kuma idan an kama, mai saye da mai sayarwa duk suna ciki.

Idan ba ka samu ba, sai unguwannin kewaye: Akoka, Bariga, Abule Oja, Iwaya, Onike. Na LASU kuma yawanci Iyana Iba da Ojo da Okokomaiko da Igando suke kama ɗaki. Hayar Legas ba kuɗin shekara kaɗai ba ne, akwai na dillali, akwai na yarjejeniya, akwai na ajiya ko da za ka ɓata wani abu. Kada ka ba da ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa, ka tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga gidan da damina. Ku haɗu ku biyu ko uku ya fi sauƙi.

Wanda iyayensa ke Agege yana da wata hanyar. Jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, daga Yaba kuma akwai motocin da ke shiga Akoka. Da katin Cowry ake biya, shi ne dai na motocin bas na BRT. Ka duba jadawalin jirgin ka gwada shi da na lakcocinka kafin ka dogara da shi. Ra'ayina dai, a zangon farko gara ka kwana kusa da makaranta ko da a takure ne, saboda lakcar ƙarfe takwas da cunkoson Legas ba sa shiri. Kuma ka shiga mota a tasha, ba a bakin titi ba, musamman da asuba da dare, saboda 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

Mataki na 4: San ofisoshi huɗu da mutum ɗaya

Taron wayar da kan sababbin ɗalibai, wanda yara ke gudu don a ganinsu surutu ne, a nan ake nuna fuskokin mutanen da za ka nema nan gaba. Ka je da littafi. Bayan taron ka zagaya da ƙafarka ka gano inda waɗannan suke: ofishin kula da harkokin ɗalibai, inda maganar ɗaki da ƙungiyoyi da ƙorafi take, sashen ba da shawara, inda za ka kai damuwar karatu ko ta rai, kuma sirri ne, babban ɗakin karatu, inda za ka yi rajista ka karɓi izinin shiga mujallun intanet, da ofishin sashenku, inda sakatariya take. Ka riƙa gaishe da ma'aikatan wannan ofishi na ƙarshe. Yarbawa suna ba gaisuwa muhimmanci kamar mu, kuma “ẹ káàárọ̀ ma” ɗaya da safe yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Mutum ɗayan shi ne malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, wanda a nan ake ce wa kos-adbaiza. Shi ke sa hannu a takardar kwasa-kwasanka, shi ya san wanne ne tilas, wanne ne na zaɓi, da iyakar yunit, wato ma'aunin nauyin kwas, da za ka ɗauka a zango. Kada ka kwafi rajistar abokinka. Ka karɓi kundin bayanin sashenku, ka karanta, ka cike, ka kai wa malamin ya duba kafin wa'adi ya cika. Kwas ɗin da ka zauna jarrabawarsa ba ka yi rajistarsa ba, aikin banza ka yi. Wanda kuma ka yi rajistarsa ba ka zauna ba, F ce.

Ga lissafin maki a taƙaice, don ka san abin da F take yi. A tana da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifiri. Ana ninka wannan da yunit ɗin kwas. A ce ka ɗauki kwas huɗu: mai yunit 3 ka ci A, 15 ke nan, mai yunit 2 ka ci B, 8, mai yunit 3 ka ci C, 9, mai yunit 2 ka faɗi, sifiri. Jimilla 32, a raba da yunit 10, ka tashi da 3.2. Da a ce wancan na ƙarshen C ka samu, da 3.8 ka tashi, wato ka haye 3.5 da ake shiga babban mataki na biyu na darajar digiri da shi. Mataki na ɗaya daga 4.5 yake farawa. Kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, waɗanda ake rainawa, su ne suka fi yin wannan ɓarnar. Makin ajin farko kuwa shi ya fi sauƙin tarawa, kuma shi ya fi wuyar gyarawa idan ya lalace.

Sai 'yan'uwa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a nan Legas aka kafa ta a 1954, kuma rassanta na jami'o'i sukan shirya wa sababbi darussan bita. Ɗalibai Kirista ma suna da nasu ƙungiyoyin. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ta 'yan Arewa, domin a wajensu ake jin labarin tallafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Amma kada ka maƙale a cikinsu kaɗai, ka shekara huɗu ba ka da aboki Bayarabe ko Ibo ko ɗaya. Duk ƙungiyar da ba ta da rajista a ofishin harkokin ɗalibai, wadda ake gayyatarka taronta da dare ana cewa za a “kare ka”, ka yi nesa da ita, ka kuma sanar da wani babba.

Mataki na 5: Kuɗin karatu

Asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ya fara karɓar buƙatu a 2024, kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da iyayenmu ke fara tambaya ke nan. Kuɗin makaranta jami'a ake tura wa kai tsaye, na kashewa kuma asusunka, biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi. Idan shafin ya ce bai san ka ba, yawanci ko jami'a ba ta riga ta ɗora bayananka ba, ko sunayenka sun saɓa. Ka koma mataki na 1. Ka tuna bashi ne, a zauna da mahaifi a yi shawara kafin a cike.

Ban da shi akwai hukumar tallafin karatu ta jiharku ta asali, da ta tarayya, da na kamfanoni, waɗanda galibi sai ka gama ajin farko da maki mai kyau suke duba ka. Ka tambaya a ofishin harkokin ɗalibai ko akwai tsarin aiki-da-karatu ko taimakon marasa ƙarfi. Idan kuɗi ya yanke gab da rufe rajista, kada ka ɓuya a ɗaki. Ka rubuta takarda ta hannun malamin ajinku tun wa'adi bai wuce ba.

Mataki na 6: Zaɓi yanki, ka riƙe tambaya ɗaya

Yanzu mun zo kan nazarin yanki. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne, a matakin digirin farko sashe guda ne zai ba ka shaida, tarihi ko siyasa ko harshe ko labarin ƙasa. Nazarin yanki kai za ka haɗa shi da hannunka, daga kwasa-kwasan zaɓi da harshen da ka koya da taron da ka halarta da batun da ka ɗauka a kundin kammalawa. Sassan da suka fi kusa da shi a UNILAG su ne na tarihi da nazarin dabarun tsaro, da na harsunan Turai, da na kimiyyar harshe da nazarin Afirka da Asiya, inda ake koyar da Yarbanci da Ibo da Sinanci. A LASU akwai tarihi da hulɗar ƙasashe, da sashen harsunan waje. Amma ɗalibin tattalin arziki ko zamantakewa ma yana iya yi.

Kuskuren masu farawa shi ne faɗin baki. “Ina son nazarin Afirka.” Afirka ƙasa 54 ce. Ka matse shi har ya zama tambayar da za ka iya bi da ƙafa. Ga misali: buhun albasa da ya taso daga Aliero a Kebbi, ko daga Galmi a Nijar, ya sauka a Mile 12, me ya sa kuɗinsa ke ninkawa a hanya? Labarin ƙasa zai gaya maka inda ake noman da lokacinsa da hanyar da mota ke bi. Tattalin arziki zai yi maka bayanin canjin sefa da naira da kuɗin dizal. Siyasa za ta kawo maganar ECOWAS, wadda a nan Legas aka sa hannu a yarjejeniyar kafa ta ranar 28 ga Mayu 1975, da rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Ilimin zamantakewa zai nuna maka yadda dillali da maigida da yaron mota suke mu'amalar miliyoyi a kan amana ba takarda. Tarihi kuma zai tuna maka cewa wannan hanya ta girmi mota, tun zamanin fatake, kafin layin dogo ya isa Kano a 1911. Tambaya ɗaya, sashe biyar. Abin da ake nufi da haɗa fannoni ke nan.

Idan Sin ce ta ja hankalinka, kasuwar Alaba tana maƙwabtaka da LASU, ga Computer Village a Ikeja, ga tashar jiragen ruwa ta Lekki da kamfanin Sin ya gina, aka buɗe a 2023, ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou. Idan kuma baƙaƙen fata na ƙetare ne, unguwar Popo Aguda a tsibirin Legas ta waɗanda suka dawo daga Barazil ce a ƙarni na 19, kuma a boren bayi Musulmi na Bahia a 1835 har da Hausawa a ciki. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.

Idan ka tsayar da tambayarka, ka ɗauki kundin bayanin tsangayarku ka yi wa duk kwas ɗin zaɓin da ya taɓa ta alama, daga aji ɗaya har huɗu. Ka kai wa malamin ajinku ka ce ga inda ka dosa. Wani kwas ɗin ba za a bar ka ka yi rajistarsa ba, ko don yunit ɗinka ya cika, ko don lokacinsa ya ci karo da na tilas. To sai ka je wajen malamin kwas ɗin da ladabi ka roƙi izinin zama kana saurare ba tare da jarrabawa ba. Da wuya a hana. Zango ɗaya, kwas ɗaya na waje ya isa. Kada kwaɗayi ya sa ka zubar da makin sashenka, domin shi za a fara dubawa ranar neman digiri na biyu.

Mataki na 7: Ƙara harshe ɗaya

Babu nazarin yanki ba harshe. Kai kuma ka zo da jari, don Hausa tana yi maka aiki daga Agadas har zangon Kumasi, kuma 'yan ajinku da yawa ba su da wannan. Idan ka yi allo ka iya karanta ajami, ka riƙe shi da kyau, akwai takardun tarihi da sai irinka ke iya karantawa.

Mai nazarin Afirka ta Yamma Faransanci zai ƙara, tunda Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk da shi suke aikin gwamnati. Akwai Ƙauyen Koyon Faransanci na tarayya a Badagry, inda ɗaliban wannan harshe ke zuwa zaman shekara, akwai kuma Alliance Française a Ikoyi. Mai son Sinanci ya leƙa Cibiyar Confucius da ke cikin UNILAG. Idan babu kuɗin aji, akwai Faransanci kyauta a bakin 'yan Nijar da 'yan Benin da ke kasuwanninmu, ga rediyo, ga manhajojin waya. Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Yarbanci kuwa, ko ba ka yi rajistarsa ba, ka koye shi a titi. Abin kunya ne mai nazarin yankuna ya kasa cinikin barkono a Bariga.

Mataki na 8: San inda ilimin yake a wajen aji

A cikin UNILAG akwai Cibiyar Nazarin Afirka da 'Yan Afirka Mazauna Ƙetare. Tana cikin wani haɗin gwiwar bincike da Jami'ar Bayreuth ta Jamus, tare da wasu jami'o'i irin su Moi a Kenya da Rhodes a Afirka ta Kudu. Aikinta ya fi karkata ga masu manyan digiri, amma idan an sanar da lakca ta kowa da kowa, ɗan aji ɗaya ma yana iya shiga ya zauna a baya. Ka je, ka rubuta sunayen masu magana da abin da suke bincike a kai. Ba za ka gane rabi ba da farko, ba komai.

A gari kuma, Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Najeriya, NIIA, tana titin Kofo Abayomi a Victoria Island tun shekarun 1960, kuma ɗakin karatunta na da amfani ga mai bin ECOWAS da hulɗar ƙasashe. Gidan tarihi na ƙasa yana Onikan tun 1957, ga cibiyar John Randle ta al'adun Yarbawa kusa da shi. Cibiyar CBAAC ta fasaha da al'adun baƙaƙen fata ita ke riƙe da kayan FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977. Kafin ka je ko'ina cikinsu ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka riƙe katin ɗalibi. Tsofaffin takardun mulkin mallaka na wannan yanki suna ma'ajiyar ƙasa ta Ibadan, na Arewa kuma suna Kaduna, inda Gidan Arewa ma yake. Idan ka je hutu gida, ka ware kwana biyu ka tsaya Kaduna.

Mataki na 9: Fara ɗan bincikenka da littafin aljihu

Kada ka jira aji huɗu. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ware shi don tambayarka kaɗai. Duk abin da ka karanta ka rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take, don ranar rubuta kundi ba za ka tuna ba, kuma ɗaukar maganar wani ba ka ambace shi ba satar fasaha ce da ake hukunci a kanta.

Sau ɗaya a wata ka fita fili. Idan kasuwa za ka, ka fara da shugabannin sashen da kake so, ko fadar Sarkin Hausawan unguwar, ka gabatar da kanka, ka faɗi sunan mahaifinka da makarantarka da abin da ya kawo ka. Ka ce “Baba” ko “Alhaji”, ka zauna inda aka nuna maka, kada ka zaro waya ka fara ɗaukar hoto ko murya sai an yarda. 'Yan kasuwa suna tsoron jami'an haraji da 'yan jarida, kuma suna da dalili. Kada ka tambayi mutum ribarsa a zuwan farko. Tambaye shi yadda ya fara, wa ya koya masa, wace hanya kaya ke bi, me ya canza tun da aka rufe boda. Ka je bayan azahar lokacin da ciniki ya lafa, ba da safe ana sauke kaya ba. Ƙanwata, ki tafi da abokiya ko ɗan'uwa, kuma ki sani akwai ƙofar da ke kaɗai za ki iya shiga, ta matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda ɗalibi namiji ba zai taɓa jin ta bakinsu ba.

Da ka dawo, a daren nan ka zauna ka rubuta abin da ka ji da kwanan wata da wurin, ka sakaya sunayen mutanen. A ƙarshen zango ka taƙaita abin da ka tara a shafi biyu, ka kai wa malamin da ka ga bincikensa ya yi kusa da naka, a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai, ka roƙe shi ya gaya maka abu uku da za ka karanta a hutu.